Yadda ake rage wa tsohuwar kwamfuta nauyi ta hanyar sauya mata fuska

Laftof ɗina mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 4 ta kai matsayin da in na buɗe abu biyu sai fankarta ta hau kuka, linzami ya riƙa maƙalewa. Ubuntu ce a kanta, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Har na fara tunanin sayar da ita, ashe fuskar da ta zo da ita ce ta yi mata nauyi.

A Linux, abin da kake gani a allo, wato menu da tagogi da sandar gefe, shi nake kira fuska, kuma manhaja ce mai zaman kanta, ana iya ƙara wata a gefenta. Ubuntu tana zuwa da GNOME, mai kyan gani amma mai cin RAM. Akwai marasa nauyi: Xfce, wadda Olivier Fourdan ya fara a 1996, da MATE da aka ɓalle daga GNOME 2 a 2011, sai LXQt. Ni Xfce na fi so, don ba ta da wuyar sha'ani.

Kafin komai, kwafe muhimman fayilolinka a filashi. Sannan ka kashe kwamfutar ka kunna, kada ka buɗe komai sai Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta free -h. Lambar da ke ƙarƙashin used a layin Mem, wato RAM ɗin da ake ci, rubuta ta a takarda. Kada ka tsallake wannan, domin ido yana ruɗin mutum, lamba ce za ta nuna maka ko an samu sauƙi.

Daga nan sai ka rubuta sudo apt update, bayansa sudo apt install xfce4. Tanadi data, zai sauke fayiloli da dama. Idan wani allo ya fito yana tambayarka tsakanin gdm3 da lightdm, manhajojin allon sa kalmar sirri, bar shi a gdm3 tukuna, don komawa baya ya zo maka da sauƙi.

Da ya gama, fita daga asusunka. A wajen sa kalmar sirri, danna sunanka, za ka ga wata 'yar alama kamar giyar inji a ƙasa ta dama. Danna ta, zaɓi Xfce, ka shiga. GNOME tana nan ba inda ta je, ta wannan hanyar za ka koma mata in ka so.

Akwai gyara biyu da nake yi nan take. A cikin Settings na Xfce, buɗe Window Manager Tweaks, shiga Compositor ka cire alamar da ke kunna shi, inuwar tagogi da sauran ado su tafi. A Session and Startup kuma, ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu waɗanda ka tabbata ba ka bukata. Wanda ba ka gane aikinsa ba, ƙyale shi.

Yanzu sake kunna kwamfutar, maimaita free -h, ka gwada da lambar takardarka. Yi kwana biyu kana aikinka na kullum kafin ka yanke hukunci. In bai gamsar da kai ba, jarraba sudo apt install lxqt.

Sai dai Chrome ko Firefox mai shafuka goma sha biyar a buɗe zai cinye RAM ɗin da ka ceto, ko wace fuska ka sa. Rage shafuka. In kuma Xfce ta kwanta maka, gara ka sa Xubuntu, wato Ubuntu mai zuwa da Xfce, sabuwa fil daga filashi, ka rabu da tarkacen fuskoki biyu a kwamfuta ɗaya.