Kurakuran da 'yan uwa ke yi in sun shiga farauta a dajin arewacin Ontariyo

Duk shekara da zarar Satumba ta kama sai wani ɗan uwa ya kira ni, Malam ina so in bi ku daji wannan karon. Ni kuma raina ba ya so in ce a'a, amma wallahi in sai a Satumba ka fara wannan magana to ka makara, ba a fafe gora ranar tafiya. A Kanada kafin ka mallaki bindiga sai ka yi kwas ɗin kiyaye haɗarin bindiga ka samu lasisin da ake ce wa PAL, shi kansa akwai jiran kwana 28 aƙalla ga mai neman farko, sannan ga kwas ɗin farauta daban, ga Outdoors Card, wato katin shaidar mafarauci na lardin Ontariyo, ga lasisin dabbar da kake nema. Mus kuwa, wannan ƙatuwar dabba mai faffaɗan ƙaho wadda ta fi gwanki girma nesa ba kusa ba, tag ɗinta, wato takardar izinin harbin dabba guda, tun watan Afrilu ake nema, kuma tun 2021 da maki ake rabawa, wanda ya daɗe yana nema bai samu ba shi ke gaba. Don haka shekarar farko ka fara da barewa, ko ka bi masu tag ka koyi aiki.

Abin da muka saba da shi a gida na farautar dare da cocila ko cinna wa daji wuta, cire shi a ranka kwata-kwata. Harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Kare ma sai da lasisinsa kuma ba kowane yanki ake yarda ba. An raba lardin gida-gida, kowane yanki da lambarsa da ranakunsa, tag ɗin mus na rubuce ko namiji ne ko mace ko ɗan maraƙi, in ka harbi wanda ba shi aka rubuta maka ba ka shiga uku da ma'aikatan daji. Kuma ana kashewa nan take a wurin za ka yanke ranar a jikin tag ɗin tun kafin ka motsa dabbar.

Sai kaya. Nan ne nake ganin mutane na kashe kuɗi a inda bai kamata ba, mutum ya sayi bindiga mai tsada ya zo da wandon jins da safar auduga. Auduga in ta sha gumi ko ruwa ba ta bushewa, zaman awa uku kana jiran barewa a watan Nuwamba wajen Timmins ko Kenora sai ka ji yatsunka sun daina motsi, daga nan kuma tunani ke fara rikicewa. Ulu za ka sa a ciki, riga kan riga, ta saman wadda ruwa ba ya ratsawa, takalmi mai ɗan yalwa don jini ya riƙa gudana. Riga da hula masu launin ruwan goro mai haske dole ne a lokacin farautar bindiga, wasu suna ƙi wai barewa za ta gan su, alhali idonta bai cika rarrabe wannan launin ba, shuɗin jins ɗin naka ma ya fi fito mata. Hancinta shi ne matsalar. Turare, sigari, sabulu mai ƙamshi, bar su a gida, kuma ka riƙa tafiya iska na bugo fuskarka ba bayanka ba.

Bindiga .308 ko .30-06 ta isa ga duka ukun, barewa da mus da beyar (wato bear a Turance), amma ka je filin gwaji ka daidaita ta a yadi 100 da irin harsashin da za ka yi aiki da shi. Ka nufi bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, ka yi bisimilla yayin harbi, in ka sami dabbar da sauran rai ka yanka. In ta gudu kada ka bi ta da gudu, zauna kamar rabin awa tukunna, korar ta kake ƙara yi cikin fadama.

Babban kuskuren dai wanda ya fi damuna shi ne kowa harbin yake shiryawa, ba wanda ke tunanin abin da zai biyo baya. Namijin mus yakan kai kilo 500, wani ya wuce. Na taɓa kasancewa cikin wasu da aka harbi ɗaya dab da magariba nesa da inda muka ajiye mota, mu uku kacal, wuƙa biyu, fitilar goshi ɗaya, sai da muka kai asuba muna jigila, ƙafar baya ɗaya kawai ta ishi ƙato kaya. Gashinsa na riƙe zafi sosai, ko ana sanyi in ba ka farke ciki ka feɗe da wuri ba naman wajen wuya da cinya sai ya fara wari daga ƙashi. Ka tafi da buhunan yadi masu shan iska, leda kam tana dafa nama, da igiya da zarto da abin wasa wuƙa, ka rataye shi a inuwa nesa da tantinku saboda beyar. Barin nama ya lalace laifi ne a dokar lardin, a wajen Allah ma almubazzaranci ne. In ka san ku kaɗan ne kuma rana ta yi nisa, ka haƙura da harbin.

Beyar kuma ka yi tunani kafin ka sayi lasisinsa. Dabba ce mai fiƙa, a Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai cin irinta makaruhi ne, sauran mazhabobi sun haramta, to in ba za ka ci ba kuma ba ka da wanda zai karɓa me ya kai ka. Wanda zai ci ya sani namanta na ɗauke da wata tsutsa da firiza ba ta kashewa, sai an dafa cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius, kilishi da shi haɗari ne. A farautar bazara an hana harbin uwa mai 'ya'ya, su kuma 'ya'yan sau da yawa suna kan bishiya ba ka ganinsu, sai ka tsaya ka kalla da kyau.

Waya ba ta da sabis a yawancin dajin nan, ka sauke taswira tun daga gari, ka riƙe kamfas, in da hali ka yi hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam, ka gaya wa iyalinka hanyar da kuka bi da ranar dawowa. Mai hawa kujerar kan bishiya ya ɗaura bel tun daga ƙasa. In kakar ta ƙare kuma ka shiga intanet ka cike rahoton farauta, ko ba ka harbi komai ba, ko ma ba ka fita ba, sai ka cike shi.