Yadda ake shuka furen lili a bokiti a Kumasi

Tun watan Maris ruwa ke sauka a Kumasi, to kafin nan ka tanadi kan lili, mai kama da albasa. Latsa shi da yatsa. In ya yi laushi, ya ruɓe, bar shi.

Fara huda gindin tsohon bokiti wuri 4 ko 5. Don Allah kada ka tsallake wannan, ruwan ƙasar Asante in ya kwanta a ciki sai kan ya ruɓe.

Gauraya baƙar ƙasa da yashi da busasshen taki. Dasa kan, tsininsa sama, wuyansa a waje. Ruwa kaɗan, a ajiye inda hantsi ke duka.

Fure ya bushe, ka bar ganyen. Shi ke ciyar da kan saboda baɗi.