Ambaliya ta cinye maka gona? Ga yadda za ka nemi tallafi

Da ruwa ya fara janyewa, kada ka yi gaggawar gyara gonar. Ɗauki hoto da bidiyo da wayarka tukuna, a ga shinkafar da ta kwanta, a ga alamar inda ruwa ya kai a jikin bishiya. Wannan ce shaidarka. Ƙasa na bushewa, magana ta koma ta fatar baki.

Sai ka rubuta girman gonar, abin da ka shuka, da buhu nawa ka saba samu. Kada ka ƙara gishiri, domin maƙwabtanka sun san gonar.

Daga nan ka sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan sashen noma na ƙaramar hukuma. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da ta tarayya, NEMA, sukan turo jami'ai su tantance ɓarna. Ranar da za su zo ka tsaya da kanka, ka ga an rubuta sunanka daidai. Aike ba ya wannan aikin.

Tanadi lambar NIN, lambar waya mai aiki, da asusun banki mai sunanka. Tallafin ba kullum kuɗi ba ne, wani lokaci iri ne, ko taki, ko hatsi.

Idan kana da inshorar noma ta NAIC, wato hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, sanar da su nan take, wannan hanya ce daban.

Duk wanda ya nemi kuɗin rajista ko lambar sirrin katin bankinka, ɗan damfara ne.