Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa GPS da eriya a jirgin ruwa

Da yawa daga cikin na'urorin GPS da ake kwancewa daga jirgin ruwa da sunan sun lalace, lafiyarsu lau. Laifin yana inda aka kafa eriya, ko a bakin waya. Saƙon taurarin ɗan Adam yana keto nisan sama da kilomita 20,000 kafin ya iso, ga shi ba ƙarfi, abu kaɗan ke shaƙe shi.

Babban kuskure shi ne ɗora eriyar GPS a ƙololuwar sandar jirgi, wai don ta fi kamawa. Eriyar rediyon VHF ce tsayi ke ƙara wa nisan zango. Ta GPS sarari kawai take nema. In aka kai ta can sama, duk tangaɗin da jirgi ya yi sai ta fi kowa jin sa, sai ka ga lambar gudu da ta alƙibla suna rawa alhali matuƙi bai karkata ba. A sauko da ita kan rufin ɗakin tuƙi ko dogarin ƙarfen baya, inda babu abin da ya yi mata inuwa. A bar aƙalla mita 1 tsakaninta da eriyar VHF, kuma kada ta zauna daidai saitin rada, ko dai ta ɗara ta tsayi ko ta yi ƙasa da ita sosai.

Kada a yi gaggawar huda rami. A ɗaure eriyar da igiya tukuna, a tada inji, a kunna rada da fitilu, sannan a buɗe shafin da ke nuna ƙarfin kowane tauraro. Na'ura na buƙatar aƙalla taurari huɗu kafin ta tantance wuri da kyau. In sandunan da ke nuna ƙarfin a shafin suka zube da zarar an danna maɓallin magana a rediyo, wurin bai yi ba. Fitilun LED marasa inganci ma kan jawo haka, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar kebul, inda ɓarna ta fi yawa. Eriya mai ɗan amfilifaya a ciki ta kebul ɗin take shan wuta, bolt 3 zuwa 5. Wanda ya yanke shi ya murɗa ya naɗe da salatif ya gama da ita. Kebul ɗin mai om 50 ne, kada a ƙara shi da na talabijin mai om 75. In ya yi tsawo, a naɗe rarar da faɗi, ban da lanƙwasa mai kaifi. In ana zargi, a kwance mahaɗin daga gindin eriya a auna da mita tsakanin allurar tsakiya da jikin ƙarfen: babu wuta, to kebul ne ko na'urar. Mahaɗin da ke waje kuwa, ruwan gishiri yana bin sa ya shige cikin kebul har tagullar ta koma kore. A naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, kuma a bar kebul ya ɗan sauko ƙasa kafin ya shiga rami, don ruwa ya ɗige a waje.

A tsarin NMEA 0183, wato ɗaya daga cikin hanyoyin da na'urorin jirgi ke musayar bayani, wayar fitar da bayani ta GPS tana zuwa wayar karɓa ta rediyo. Da yawa suna haɗa launi da launi, alhali kowane kamfani da nasa launin, sai an duba littafin na'ura. Saurin aika bayanin da aka saita a na'urorin biyu ma sai ya zo ɗaya: 4800 aka saba, AIS kuwa, wato na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa, 38400.

A NMEA 2000, tsarin da na'urori duka ke rataye a kan babbar waya ɗaya, babbar wayar tana son marufi mai ƙarfin tirjiya om 120 a kowane ƙarshe, biyu cif. A kashe wuta a auna tsakanin farar waya da shuɗiya: om 60 daidai ne, 120 na nufin ɗaya ya ɓata, 40 an sa uku. Reshen da ke zuwa kowace na'ura kada ya wuce mita 6.

In GPS na mutuwa duk lokacin da aka tada inji, daga batirin tada inji aka ja mata wuta. A mayar da ita batirin kayan ciki, da fis ɗinta. In kuma komai na aiki amma jirgi na bayyana a gefen inda yake kan taswirar takarda, a duba tsarin auna wurare da aka zana taswirar da shi: GPS da wanda ake kira WGS 84 take aiki, tsofaffin taswirori da yawa ba da shi aka zana su ba, sai an saita na'urar ta dace da abin da aka rubuta a gefen taswirar.