Yadda na gyara suwic ɗin da ya ƙi shiga sahun 'yan'uwansa

Ofishinmu da ke Wuse, Abuja, muna da suwic biyu (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) ƙirar Cisco Catalyst 9300, haɗe da kebul ɗin StackWise ta baya, ana sarrafa su da adireshin IP guda kamar na'ura ɗaya. Da muka ƙaro na uku sai ya ƙi shiga. Fitilunsa na ci, amma duk kwamfutar da aka jona masa ba ta samun komai.

Na fara zargin kebul, na cire na sake ɗaure sukurorin. Na zargi wuta ma, tunda a lokacin kan janareto muke. Duk lafiyarsu lau.

Da na buga umarnin show switch sai ga matsalar ƙarara: na ukun yana nuna V-Mismatch, wato saɓanin sigar manhaja. Tsofaffin biyun suna kan manhajar IOS XE siga 17.9.4, shi kuma ya zo da 17.6.5, kuma dole sigarsu ta zama ɗaya kafin su haɗu.

Sai na kashe sabon. Na jera kebul ɗin zobe, ƙofa ta 1 ta kowanne zuwa ƙofa ta 2 ta na gabansa, na ƙarshe ya komo wa na farko. A kan shugaban, wato suwic na 1 da ke jagorantar sauran, na buga switch 1 priority 15, don kada baƙo ya ƙwace shugabanci. Da show version na tabbatar manhajar shugaban tana kan yanayin INSTALL, domin a ɗaya yanayin, BUNDLE, sabunta manhajar sabon suwic kai-tsaye ba ta yiwuwa. Sannan na shiga configure terminal, na sa software auto-upgrade enable, na adana da write memory, na kunna sabon.

Ya kwafo manhajar da kansa, ya sake tashi. Yanzu ukun duk Ready suke nunawa. Alhamdulillah, hankalina ya kwanta.