Yadda zaka koya wa yaro tushen ƙirga ba tare da ka rikita shi ba

Malamai da yawa da sun zo darasin nan na bes, wato tushen ƙirga (adadin da in an cika shi ake ɗaukar ɗaya a kai gaba), sai su cika allo da 1 da 0, yara suna kallo kamar an kawo musu yaren China. Alhali yaron nan kullum yana amfani da abin a gida bai dai san sunansa bane.

Fara da agogo. Tambaye shi, minti 45 da minti 30 nawa kenan? Zai ce 75, sai kace to ka taɓa jin ance ƙarfe ɗaya da minti 75? Zai yi dariya yace ai awa ɗaya ne da kwata. Shikenan ya gane, a nan sai an cika 60 ake ɗaukar ɗaya a kai gaba, ba 10 ba. Mutanen Babila ne suka bar mana wannan ƙirgan na 60.

Daga nan ka koma kwanaki. Kwana 17 sati 2 ne da kwana 3, ka sa ya rubuta 2 da 3 a jere, kace masa wannan 23 ɗin shine 17 a tushe bakwai. Kar ka bari ya karanta shi ashirin da uku, biyu-uku zai ce, kuma 7 bata taɓa fitowa a wannan tsarin tunda da an kai ta ta zama sati.

In akwai tsoho a gidan ku jawo shi cikin hirar, kafin a kawo naira a 1973 kwabo 12 ne sule, sule 20 fam guda, sisi kwabo shida, taro uku, kuma wallahi matan da basu taɓa shiga aji ba suna wannan lissafin da ka a kasuwa ba kuskure. Ƴan uwanmu na Nijar har yau da dala suke ƙirga sefa, biyar biyar, dala ashirin sefa 100 kenan. Tela ma nasa daban, inci 12 ƙafa, ƙafa 3 yadi.

Sai a ƙarshe zaka taɓa na kwamfuta, wato tushe biyu mai 1 da 0. Samo wake 13 da kofuna huɗu, ka rubuta 8, 4, 2, 1 a jikinsu, doka ɗaya ce kofi ko ya samu adadinsa cif ko ya zauna wayam. Takwas ya cika, huɗu ya cika, biyu bai samu ba, ɗaya ya cika. Kofin da ya cika 1 ne, wanda bai samu ba 0, ya rubuta 1101, sai ka ƙara masa wake ɗaya kace ya sake rabawa.