A rage ƙarar iyafis, don Allah

Salamu alaikum 'yan uwa. Samarinmu a kasuwar Gombe da Tashar Dukku, iyafis a kunne tun safe har magariba, ƙara a ƙure don ta danne kukan janareta da Keke Napep. Abin yana damuna ƙwarai. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa dawowa, kuma ɓarnar a hankali take cin mutum, sai bayan shekaru ya ga kullum yana cewa "na'am?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100. In na kusa da kai yana jin abin da kake saurare, ta yi yawa. In kunne ya fara ƙugi, a ga likita.